Bad News: Tambayoyi da Amsoshi Kan Faifan Barkwancin da Brian May Ya Shirya wa Makaɗan da Ba Su Iya Kiɗa Ba

A shekarar 1987 kamfanin EMI ya fitar da wani faifai a Birtaniya mai suna Bad News, wato sunan ƙungiyar da ta yi shi. Ƙungiyar ta wasan kwaikwayo ce, an ƙirƙiro ta don zolayar masu kiɗan metal, makaɗanta 'yan barkwancin talabijin ne, amma wanda ya zauna a sitidiyo ya shirya musu aikin shi ne Brian May, mai kaɗa jitar ƙungiyar Queen. Faifan bai yi kasuwa ba, kuma in ka fita daga Ingila da wuya ka sami wanda ya taɓa jin labarinsa. Ga tambayoyin da mutum kan yi idan ya ci karo da shi.

Su wane ne Bad News ɗin?

Mutum huɗu ne. Ade Edmondson ya fito a matsayin Vim Fuego, mawaƙi kuma babban mai jita, wanda sunansa na yanka a cikin labarin Alan Metcalfe ne, kuma ba ya ƙaunar a kira shi da shi. Nigel Planer shi ne Den Dennis, mai jita ta biyu. Rik Mayall shi ne Colin Grigson, mai jitar bes. Peter Richardson kuma shi ne Spider Webb, mai ganguna.

An ƙirƙiro su ne don shirin The Comic Strip Presents na tashar Channel 4, tashar da aka buɗe ranar 2 ga Nuwamba 1982. Fim ɗinsu na farko, Bad News Tour, an nuna shi a watan Janairun 1983, kuma Edmondson ne ya rubuta shi. Uku daga cikinsu, Edmondson da Mayall da Planer, su ne kuma taurarin The Young Ones na BBC, shirin da matasan Birtaniya suka haukace a kansa tsakanin 1982 da 1984. Saboda haka fuskokin ba baƙi ba ne ga masu kallo. Gashin da kayan fatar ne sababbi.

Me ya sa kiɗan metal ya zama abin zolaya a wancan lokacin?

Domin ya cika gari, kuma masu yinsa ba sa wasa da kansu ko kaɗan. Kiɗa ne na jitar lantarki da ake ƙure wa murya har lasifika ta yi ƙugi, da ganguna masu nauyi, da mawaƙi mai ihu. Asalinsa ana danganta shi da Birmingham, garin masana'antu, inda Black Sabbath suka fitar da faifansu na farko a 1970. Mai jitarsu, Tony Iommi, inji ne ya yanke masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe tun yana saurayi, ya dawo yana kaɗawa da hular yatsa da ya haɗa da kansa.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sai wata sabuwar guguwa ta taso: Iron Maiden daga Landan, Def Leppard daga Sheffield, Saxon daga Barnsley. A 1980 aka fara bikin Monsters of Rock a filin tseren motoci na Donington, a 1981 aka fara buga mujallar Kerrang! don wannan kiɗa kaɗai. A bayan kowace ƙungiya da ta yi suna akwai tarin wasu a ƙananan garuruwa: samari huɗu, tsohuwar motar kaya, matsattsen wando, waƙoƙi kan mayaƙa da takubba da aljanu, ga aikin yini a gareji ko kanti yana jiran su da safe. Waɗannan na bayan su ne Edmondson ya sa wa ido. Bai taɓa manyan da suka iya ba. Ya kama mutumin da burinsa ya kai sama, iyawarsa kuwa ba ta wuce idon sawu ba, kuma shi kaɗai ne bai san haka ba.

Me ya faru a fim ɗin farko?

Kusan ba komai, kuma nan daɗin yake. An shirya shi kamar shirin gaskiya, wai masu ɗaukar hoto suna bin wata ƙungiya zuwa wasa a garin Grantham. Mota ta lalace a hanya, an tsaya cin abinci an yi rigima kan kuɗi, an ɗauki wata 'yar makaranta da Dawn French ta fito a matsayinta, an haɗu da 'yar jarida, Jennifer Saunders. Da aka isa wurin wasan, 'yan kallo tsiraru ne ƙwarai.

Abu biyu mutane suka fi tunawa. Na farko, Vim yana cika baki cewa shi tun yana ɗan shekara 12 ya iya kaɗa "Stairway to Heaven", alhali Jimmy Page, mai jitar ƙungiyar Led Zeppelin, da ya ƙirƙiro ta sai da ya kai 22, don haka a auna a ga wanda ya fi. Ko lissafin ma bai yi daidai ba: an haifi Page a 1944, waƙar ta fito a 1971. Na biyu, Den ya yi fushi ya fice daga mota don ya ji ana neman a ce ƙungiyar tana da wata alaƙa da wani salon kiɗa da ba metal ba. Den bai iya dogon tunani ba, amma yana da aƙida ɗaya tak, kuma a kanta zai mutu. A ganina shi ne mutumin kirkin ƙungiyar, kuma Planer ya fi kowa fahimtar irin mutanen da ake kwaikwaya.

Ba kwaikwayon Spinal Tap suka yi ba?

Wannan ce tambayar da ta fi bin su. Fim ɗin This Is Spinal Tap na Rob Reiner, wanda shi ma barkwanci ne kan wata ƙagaggiyar ƙungiyar metal, ya fito a Amurka a watan Maris 1984, fiye da shekara guda bayan an nuna Bad News Tour. Sai dai masu kare Bad News su ma kan wuce gona da iri, su ce Amurkawan ne suka yi sata. Haka ma ba daidai ba ne, domin taurarin fim ɗin, Christopher Guest da Michael McKean da Harry Shearer, sun fara fitowa da sunan Spinal Tap a wani shirin talabijin tun 1979. Tunani ɗaya ne ya zo wa mutane biyu a ɓangarori biyu na teku, don abin zolayar yana gaban kowa.

Bambancin da ya fi muhimmanci a cikin labarin yake. Spinal Tap ƙungiya ce da ta taɓa yin suna, tana gangarowa ƙasa, tana kwana a manyan otal tana kukan an rage mata daraja. Bad News ba su taɓa hawa ko'ina ba balle su faɗo. Na farkon dariyar manya ce, mai natsuwa. Na biyun dariyar talaka ce, da ashar da dambe da rigima kan ragowar canji.

Da gaske ne sun hau dandamali a gaban dubban masu son metal?

Da gaske. Ranar 16 ga Agusta 1986, a bikin Monsters of Rock na Donington. Ozzy Osbourne, tsohon mawaƙin Black Sabbath, shi ne babban baƙo a ranar, tare da Scorpions da Def Leppard da Motörhead da Warlock. Ranar ba ta wasa ba ce: a nan ne Rick Allen, mai gangunan Def Leppard, ya dawo gaban babban taro a ƙasarsu bayan ya rasa hannunsa na hagu a haɗarin mota a ranar ƙarshe ta 1984. Mutane sun biya kuɗi, sun yi tafiya mai nisa, sun tsaya a fili tun safe, sai ga 'yan barkwanci huɗu an ba su gurbin da wata ƙungiya ta gaske za ta yi shekaru tana nema.

Taron Donington yana da al'adarsa ta nuna rashin yarda, wato jifa da robobin abin sha, kuma ba kullum abin sha ne a cikinsu ba. Bad News sun sha wannan jifa. Edmondson da abokansa sun san za a yi haka, don ma shi suka zo nema: ana ɗaukar komai a kyamara don fim na biyu, More Bad News, wanda aka nuna a 1988. In ka kalli wannan ɓangare za ka ga inda wasa ya ƙare gaskiya ta fara. Vim yana zagin taro cikin muryar Vim, amma robar da ke tahowa ta gaske ce, kuma kaucewar da ake yi mata ba a rubuce take ba. A cikin fim ɗin an ƙara gishiri, aka nuna kamar taron ya lakaɗa musu duka har sai da aka kwashe su zuwa asibiti. Wannan ƙarshen shiri ne. Jifan kuwa ya faru.

Ina ganin wannan rana ce ta sayo musu mutunci. Zolayar mutane daga ɗakin talabijin abu ne mai sauƙi. Zuwa har gidansu ka tsaya a gabansu da jita a wuya, ka kaɗa da hannunka, ka karɓi abin da za su jefo maka, wannan ko wanda ya tsane ka zai sara maka.

Yaya aka yi Brian May ya shiga ciki?

Lokaci ya taimaka. Mako ɗaya kacal kafin Donington, ranar 9 ga Agusta 1986, Queen suka yi wasa a Knebworth, wanda ya zama na ƙarshe da suka yi a gaban taro tare da mawaƙinsu, Freddie Mercury. Daga nan ƙungiyar ta dakatar da yawon wasa, May ya sami sarari. A watan Nuwamban wannan shekara Bad News suka buɗe wa Iron Maiden wani wasan tara kuɗin agaji a Hammersmith Odeon da ke Landan, kuma May da Jimmy Page suka hau dandamali tare da su. Ka tuna wannan Page ɗin ne Vim ya ce ya fi shi. Shekara ta zagayo, May ya zama furodusan faifansu, a EMI, kamfanin da Queen ke tare da shi a Birtaniya a lokacin.

Sai ka san wane ne May kafin abin ya ba ka dariya sosai. Mutum ne da shi da mahaifinsa suka sassaƙa jitarsa a gida, har da katakon wani tsohon murhun ɗaki, kuma da tsohon kwabon Ingila yake kaɗa ta. An san shi da jera muryoyin jita ɗaya bisa ɗaya har su zama kamar taron makaɗa. Daga baya ma, a 2007, ya koma ya kammala digirinsa na uku a ilimin taurari a Imperial College. Irin wannan mai tsantseni ne aka ba aikin kula da cewa kiɗa ya lalace yadda ya kamata.

Me ke cikin faifan?

Waƙoƙi da faɗa, kuma faɗan ya kusa rinjayar waƙoƙin. Akwai "Hey Hey Bad News", akwai "Drink Till I Die", akwai "Warriors of Ghengis Khan", wadda ita ce ta fi kama da waƙar metal ta sosai, da taken mayaƙa da komai. Tsakanin waƙa da waƙa kuwa sai a bar makirufo a buɗe, ka ji mutum huɗu a ɗakin ɗaukar sauti suna gardama kan wanda ya ɓata kiɗa, da wanda aka danne wa sauti, da yadda za a raba kuɗin da ba a samu ba tukuna.

Colin ne yawanci ake taruwa a kansa. Ɗan gidan masu hali ne, ya iya tsayuwar taurari, ya iya murguɗa baki a gaban kyamara, abu ɗaya ne bai iya ba, shi ne kaɗa jitar bes. A fim na biyu ya riga ya zama ma'aikacin ofis mai aski, sai ya ɗora gashin kanti idan za a yi wasa. Mayall yana yi masa wata murya ta mai jin cewa ya fi kowa wayewa a ɗakin, ga tsoro kamar farar kura. Ko ba ka ganin fuskarsa, muryar kaɗai ta isa.

Akwai gwaninta a ɓoye a nan da mai saurare na farko ba zai lura da ita ba. Kiɗan da ya lalace da gaske ba ya ba da dariya, ciwon kai yake sawa. Sai an san daidai inda mai ganga zai makara, da inda murya za ta kauce, da tsawon lokacin da kunne zai iya jurewa kafin a dawo kan hanya. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan kama yana kwaikwayon waƙar wani babban makaɗi, yana juya baitocinta zuwa zancen tuwo da miya, ya san sai wanda ya haddace waƙar ciki da waje ne ke iya karkatar da ita haka.

Ita "Bohemian Rhapsody" fa? May ya yarda a yi wa waƙar ƙungiyarsa haka?

Shi da kansa ya shirya ta. Asalin waƙar Freddie Mercury ne ya rubuta, ta fito a 1975, tsawonta ya kusa minti shida, ta yi mako tara a saman jadawalin cinikin waƙoƙi na Birtaniya. Wuyarta a muryoyi take, domin an yi ta ɗora murya kan murya ne har ɓangaren tsakiyarta ya zama kamar mawaƙa masu yawa ne ke amsawa. Bad News suka ɗauke ta da muryoyin da ba sa haɗuwa, suna shiga kafin lokaci, suna kai hannu ga sautin da maƙogwaronsu bai kai ba. Aka fitar da ita ita kaɗai a 1987, ta tsaya a lamba 44.

Mutane da yawa suna ɗauka fim ɗin Wayne's World na 1992 ne ya fara mayar da wannan waƙa abin raha. Shi ne dai ya kai ta ga sababbin matasa a Amurka, amma shekara biyar kafin nan ɗaya daga cikin masu ita ya riga ya taimaka an yi mata kaca-kaca.

Ya yi kasuwa?

A'a. Faifan bai shiga sahun 40 na farko ba, waƙar Kirsimeti da suka biyo da ita, "Cashing in on Christmas", ita ma ba ta je ko'ina ba. Abin mamaki ne in aka duba cewa waɗannan mutane sun saba da sayar da faifai. Planer ya kai lamba 2 a 1984 da "Hole in My Shoe", sannan 'yan The Young Ones tare da mawaƙi Cliff Richard sun kai lamba 1 a 1986 da "Living Doll". Amma waɗancan waƙoƙi ne da za a sa a rediyo da rana. Faifan da rabinsa ashar ne ba shi da wannan hanya. A 1988 aka fitar da wani mai suna Bootleg, wanda ya ma fi na farkon yawan surutu, daga baya kuma aka sake buga faifan farkon a CD da ƙarin abubuwa.

Makaɗan metal na gaske ba su ji haushi ba?

Alamu sun nuna akasin haka. A cikin More Bad News an nuna su Ozzy Osbourne da Lemmy na Motörhead suna faɗin ra'ayinsu kan ƙungiyar, suna kushe ta son ransu, wanda shi ne abin da fim ɗin ke buƙata daga gare su. Wanda ya ji an ci masa mutunci ba ya tsayawa a gaban kyamararka ya taya ka wasa. Motörhead ma sun riga sun san mutanen, don sun kaɗa "Ace of Spades" a cikin The Young Ones a 1984. Ga kuma Iron Maiden da suka ba su dandamali.

Dalilin, a fahimtata, shi ne kowane babban makaɗi ya taɓa zama Bad News. Ya taɓa tura mota a kan babbar hanya da dare, ya taɓa yi wa kujeru wasa, ya taɓa zama da abokin da kowa ya san bai iya ba amma ba a kore shi ba saboda wani dalili da ba na kiɗa ba. Waɗanda suka fi fusata su ne wasu daga cikin masu saurare, musamman matasa da suka ɗauki kiɗan a matsayin abin da ya bambanta su da sauran jama'a.

To wane tasiri ya bari?

A nan ya kamata a yi hattara, domin masu son abin da ba a sani ba suna da halin jingina masa duk wani abu da ya zo bayansa. Sunan da duniya ta riƙe Spinal Tap ne. Shi ne Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa a jerin finafinan da ake adanawa a 2002, kuma zancensa na lasifikar da ƙararta ke kaiwa lamba 11, maimakon 10 da aka saba, ya shiga bakin mutanen da ba su ma kalli fim ɗin ba. Bad News ba su sami ko kusa da haka ba.

Abin da za a iya cewa shi ne a kiɗan metal suna cikin na farko da suka bi wata hanya da daga baya ta zama sananniya: ƙungiyar da aka ƙirƙira don dariya ta fito daga allo, ta yi faifai na gaske, ta hau dandamali na gaske. Tenacious D na Jack Black da Kyle Gass sun fara da barkwanci, suka fitar da faifai a 2001, har suka ci kyautar Grammy a rukunin metal a 2015. Dethklok kuwa zanen katun ne a shirin Metalocalypse da aka fara a 2006, amma faifansu na 2007 ya kai lamba 21 a jadawalin cinikin faifai na Billboard a Amurka. A yau ba wanda ke mamakin ganin ƙungiyar raha a jerin masu wasa a babban bikin metal. A 1986 sai da aka yi jifa a kan haka.

A cikin Birtaniya kuwa gadon ya fi zama a bakin makaɗa da masu ɗaukar musu kaya, waɗanda ke maimaita maganganun Vim da Den a mota tsakanin gari da gari. Filin Donington ɗin ma yana nan, tun 2003 bikin Download ake yi a cikinsa.

Ina mutanen huɗu suka ƙare?

Edmondson da Mayall, waɗanda abokai ne tun suna Jami'ar Manchester, sun ci gaba tare a shirin Bottom daga 1991 zuwa 1995. Mayall ya rasu ranar 9 ga Yuni 2014 yana da shekara 56. Planer ya koma wasan dandamali a manyan gidajen wasa na Landan, har ya fito a We Will Rock You, wasan da aka gina kan waƙoƙin Queen, lokacin da aka buɗe shi a 2002. Richardson ya ci gaba da rubutawa da ba da umarni a The Comic Strip. Edmondson, wanda ya auri Jennifer Saunders a 1985, ya kafa ƙungiyar kiɗa ta gaske a 2008, The Bad Shepherds, suna kaɗa tsofaffin waƙoƙin punk da kayan kiɗan gargajiya.

Ta ina zan fara in ina son in ji da kunnena?

Da finafinan, kafin faifan. Bad News Tour gajere ne, kusan rabin awa, kuma in ba ka ga fuskokin ba muryoyin da ke faɗa a faifan za su cakuɗe maka. Daga nan sai More Bad News, sannan "Bohemian Rhapsody", amma ka fara sauraren ta Queen tukuna ko da ka san ta, don kunnenka ya riƙe inda kowace murya ya kamata ta faɗa. Turancin nasu na titin Ingila ne, da sauri, da cin rabin kalma, saboda haka fassarar rubutu a ƙasan allo za ta taimaka. Kuma akwai ashar da zancen giya da batsa a ciki da yawa, musamman a faifan da Bootleg, don haka ba abin kunnawa a falo ba ne yara ko surukai na zaune.